Alwalar da Ta Ƙi Zama

Da sunan Allah nake farawa, Wanda yake saukar da cuta kuma yake saukar da maganinta, Shi kaɗai ya san tsawon tafiyar da ke tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ni limamin wani ƙaramin masallaci ne a Kinkinau, wanda sahunsa ba ya cika sai in an yi rasuwa ko ɗaurin aure a layinmu. Tun gemuna yana baƙi nake jan salla a cikinsa. Gidana yana manne da shi, katanga ɗaya ce ta raba mu. Ina rubuta wannan ne saboda ciwon da ya tsare ni a ɗaki tun ana girbin masara har aka fara lissafin azumi. Ciwo ne da mutum ba ya son faɗarsa a cikin jama'a, amma na ga in kowa ya yi shiru, wani zai bi hanyar da na bi.

Da haƙori abin ya fara. Turmin haƙorina na hagu ya kumbura, na je wurin mai kemis na bakin titi, wanda duk unguwa ke ce wa Dakta. Ya ƙirgo mini kafso a leda, ya ce in sha safe da rana da dare. Haƙori ya lafa, amma ban daina ba, don na ga ya karɓe ni. Da suka ƙare na aika aka ƙaro. Cikin mako na biyu sai cikina ya fara ƙugi, bayan gida ya saki. Na koma wurinsa, ya ɗebi jinina, ya shiga ciki ya fito ya ce taifot ce. Ya ba ni wasu kafso da suka fi na farko girma, ya haɗa da allura.

Ran da na san abin ya wuce wasa, ina jan sallar La'asar ne. Muna raka'a ta biyu na ji cikina ya murɗa, kafin in yi wani tunani alwala ta tafi. Mun karanta a fikihu abin da liman zai yi in haka ta same shi, kuma na sha karantar da shi ga ɗalibai, amma ban taɓa yi da kaina ba. Na miƙa hannu baya na jawo na'ibina, Malam Auwalu, na tsayar da shi a wurina. Na kama hancina kamar mai haɓo, na ratsa sahu na fita, ina jin idanun da bai kamata su bar wurin sujada ba suna bin bayana.

Da yamma Ladan Tanko ya shigo gaishe ni. Shi ne mai kiran salla a masallacinmu, tare muka yi karatun allo a Zariya, don haka babu abin da yake jin nauyin faɗa mini. Ya zauna ya dubi hancina ta dama, ya dube shi ta hagu.

Ya ce, "Liman, wannan haɓon naka mai ladabi ne. Ko ɗigo bai taɓa rigarka ba."

Na ce, "Tanko, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji. Shi ya sa na ce wa jama'a haɓo ne. Amma gobe in ka sake kama hanci, ni ba ruwana."

Washegari na sake gwadawa da Asuba, ban kai ƙarshen Fatiha ba. Daga nan na zauna a gida. Hukuncin ba ɓoyayye ba ne a wurina: wanda alwala ba ta zama a jikinsa yana da uzuri, zai yi sallarsa yadda ya samu, amma ba a so ya shige gaban masu lafiya. Da bakina na sha faɗa wa mutane haka. Yanzu ga shi ya zo kaina, babu wanda zan kai wa ƙara.

Duniyata ta koma tsakanin tabarma da banɗaki. Ko ƙofar gida ban isa in leƙa ba, don ban san lokacin da kiran zai zo ba, kuma in ya zo ba ya jira. Sau biyar a rana lasifika tana shigo mini ta taga. Ina jin Tanko ya tada iƙama, ina jin Auwalu ya kabbarta, ina jin inda ya ja madda fiye da ƙima, bakina yana gyara masa a hankali, ni kuwa ina tsugune ko ina kwance. Yaro ne mai kirki Auwalu, ba shi da laifin komai. Amma Allah ya sani, akwai ranakun da jin muryarsa ya fi ciwon cikin yi mini zafi.

Masu dubiya kuwa kowa da nasa maganin. Wani ya ce ɓawon rumman, wani ya ce garin sabara a madara, wata tsohuwa ta ce a dama mini sitaci. Yayana Malam Habu ya taso takanas daga Rigachikun da ƙullin ganyen filasko, maganin wankin ciki, a aljihu. Ya ce datti ne ya taru, kuma ciki ba ya tsayawa sai an wanke shi tas, kamar randa. Matata Hajiya ta ce, "Yaya, wanda ke zubarwa shi za a ƙara wa mai zubarwa?" Ya ce, "Ke me kika sani? Haka Baba yake yi mana duk shekara." Yaya ne, kuma ya biya kuɗin mota ya zo. Na sha. Kwanakin da suka biyo baya ba zan bayyana su a takarda ba. Abin da zan ce kawai, da na miƙe, wandona ba ya zama a ƙuguna sai an ƙara ɗaure mazagi.

Duk lokacin da abin ya tsananta sai a koma wa mai kemis, ya sake ɗibar jini, ya sake cewa taifot ɗin ce ba ta mutu ba, ya canza launin kafso. Ja da baƙi, ja da rawaya, fari sol. Ina sha ina gode masa.

A nan ne surukina Nura ya shigo cikin maganar, mijin 'yata Sa'adatu. Da can kayan waya yake sayarwa, kasuwa ta ƙi, sai ya shiga wani kamfani na kayan ƙarin lafiya, irin wanda ake hawa mataki gwargwadon mutanen da ka jawo. Ya zo da kwali mai hoton ganye, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya miƙo mini wayarsa. A ciki an zana hanjin mutum, wasu 'yan halittu kore suna kokawa da wasu jajaye.

Ya ce, "Baba, cikin kowane mutum akwai ƙwayoyi masu amfani, su ke narkar da abinci, su ke tsare jiki. Naka sun ƙare. Wannan garin sunansa furobayotik, a kowace 'yar leda akwai su bila adadin, da ransu. Kana sha za su shiga su kama aiki."

Na ce, "Da ransu?"

"Da ransu, Baba. Shi ya sa yake da tsada. Amma wannan kwalin kyauta ne, ni na ba ka."

Hajiya tana tsaye a tsakar gida tana ji. Ta karɓi kwalin ta shige kicin.

Kwali na farko ne kawai kyauta. Na biyu da na uku sai da Hajiya ta kai tunkiyarta kasuwa. Nura ya ce sai an jure, a wata na farko ƙwayoyin suna share gida ne, shi ya sa gudawar ta ƙaru. Wanda bai san yadda muke da surukai ba zai ce me ya hana in ce masa ya isa. Ban taɓa kallon tsakiyar idon Nura ba tun da ya auri 'yata, shi ma bai taɓa kallon nawa ba. Kuma na san da abin da yake samu a kwalayen nan ake ɗora tukunya a gidan Sa'adatu. In na ce ba ya aiki, na kira mijinta maƙaryaci. In na yi shiru, sai a ci gaba da saye.

Bai tsaya nan ba. Ya jera kwalayen da suka ƙare a kan tagata, inda duk mai shigowa dubiya zai gani. In ya ga dattawa sun taru sai ya bi su zaure. Ina kwance ina jiyo shi: "Ai shi Liman yake sha." Aka fara saye. Mai ciwon gwiwa ya saya, mai ciwon suga ya saya, wani ya saya wa matarsa da ba ta haihu ba. Tanko ya zo ya ce mini, "Garin Nura ya ci unguwa. Ni ma na tambaye shi ko yana gyara murya, ya ce sosai ma." Na yi dariya, dariyar ta tura ni banɗaki.

Ana cikin haka Alhaji Bala ya zo, shi ne shugaban kwamitin masallaci. Mutum ne mai kunya, sai da ya gama tambayar jiki da iyali da tsadar kayan miya, sannan ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, jama'a ne suke magana. Azumi yana matsowa. Sun ce masallaci ba ya zama da na'ibi kawai. In Allah ya sa ka tashi kafin a ga wata, wurinka yana nan. In kuwa jikin bai yarda ba, sai a tabbatar da Malam Auwalu, kai kuma ka huta, ka zama uba."

Na ce, "Gaskiya suka faɗa, Alhaji."

Gaskiyar ce kuwa, da ni ne a wurinsu haka zan ce. Amma da ya fita na juya fuskata bango. Ban san wani aiki ba bayan wannan. Ban san yadda ake zama a sahu na biyu a masallacin da na ga ana aza harsashinsa ba.

Asibiti ba da shawarata aka je ba. Wata safiya na fito daga banɗaki, ƙasa ta juya, sai farkawa na yi na ga Hajiya tana yayyafa mini ruwa tana salati. Ta aika aka kira Tanko, suka saka ni a Keke, muka nufi babban asibitin gwamnati ta wajen Doka. Kafin mu fita ta kwashe duk wani magani da ke ɗakin ta zuba a baƙar leda, har da ragowar filaskon Yaya.

Duk wanda zai je asibitin nan da ciwo irin nawa, ya san cewa layin ya fi ciwon wuya. Akwai layin yankar kati, akwai layin awon jini, akwai layin ganin likita, kuma kowanne in ka tashi an cike gurbinka. Banɗakin marasa lafiya yana can ƙarshen baranda, ba ruwa, sai an sayi na leda. Na tashi ya fi a ƙirga. Wata mata 'yar kudancin Kaduna da ke kusa da mu, ta kawo mijinta mai ciwon ƙafa, ita ta riƙa ɗora jakarta a wurina tana faɗa da duk wanda ya matso. "Baba na nan, ya je ya dawo ne! Kai ba ka da uba?" Ban tambayi sunanta ba, har yau ina saka ta a addu'a. Shi kuwa ma'aikacin da ya kira sunana ina banɗaki, ya mayar da katina ƙasan tari, na bar shi da Allah.

Sai bayan Azahar muka shiga. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Sa'adatu ba, sunanta Rahila, Hausarta irin ta 'yan Kaduna. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce a ba ta ledar. Ta zazzage ta a kan tebur, ta riƙa ware fankon kafso gefe guda, tana juya kowanne tana karantawa. Tarin ya yi tsini.

Ta ce, "Baba, duk wannan kai kaɗai ka sha?"

Na ce, "Taifot ce ta ƙi ji."

"Wa ya ce taifot ce?"

Na faɗa mata. Ta cire tabarau ta murza ido. Abin da ta ce daga nan ya zauna mini, zan kawo shi yadda na riƙe.

"Baba, hanjin mutum kamar unguwa ne, cike yake da mazauna, ido ba ya ganinsu. Mafi yawansu mutanen kirki ne. Suna cin abin da ka ci, suna taya ka narkar da shi, kuma saboda sun cika ko'ina, mugu ba ya samun ɗakin haya. Waɗannan kafso ba su san na kirki ba, ba su san mugu ba, kowa suke kashewa. Ka sha na haƙori, unguwa ta ragu, ciki ya saki. Aka ce taifot, aka ƙara maka. Ka zo ka bi da filasko. Yanzu gidaje duk sun zama kango, kuma ina zargin akwai wani mugu guda da ya samu fili ya baje. Sai mun gwada bayan gidanka za mu tabbatar."

Na ce, "Ikon Allah. Wato maganin ne ciwon?"

"Maganin yana da ranarsa, Baba, yana ceton rai. Amma ba a shan sa kamar gyaɗa."

Sai ta ɗauki kwalin Nura. Tanko ya gyara zama, ya ce, "Yauwa, Likita, ga inda nake jira."

Ta ce abin da Nura ya faɗa game da ƙwayoyi masu amfani ba ƙarya ba ne. Akwai irin waɗannan da suke taimaka wa wasu mutane a wasu lokuta. Amma kala-kala ne, ba kowanne aka gwada ba, kuma wannan kwalin ba ta san abin da ke cikinsa ba, ba ta kuma san ko masu ran suna da rai har yanzu ba, tunda irin wannan sanyi yake so. Ta tambaya ina ake ajiye shi. Tanko ya ce a bayan motar Nura, motar kuma a rana take wuni. Ta girgiza kai. Ta ce, "To, yaya kuke ba shi?"

Hajiya ta gyara mayafi, ta amsa da ƙarfin gwiwar wadda ta san ta yi aikinta.

"A kunu nake zubawa, 'yata. Tun yana kan wuta. In bar shi ya tafasa sosai, ya yi ƙulu-ƙulu, sannan in sauke."

Likita ta ce, "Mama, kina tafasa shi?"

"To da fa? Da kunnena na ji yaron nan ya ce abubuwa ne masu rai. Mutum yana kwance ciki ba lafiya, in ɗauki abu mai rai ɗanye in ɗura masa? Ko nama ai sai an dafa. Kuma mai gudawa ba a ba shi abu mai sanyi, kowa ya san wannan."

Tanko ya kife a kan gwiwarsa, kafaɗunsa suna rawa. Likita ta rufe baki da takarda. Ni ma sai a ranar na san abin da nake sha, don kunu ake miƙo mini, in yi bisimilla in kurɓa. Ashe tunkiya guda muka dafa a tukunyar kunu.

Hajiya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ni na hana shi warkewa ke nan?"

Likita ta kama hannunta. "A'a, Mama. Ko ɗanye kika ba shi, ba zai kori abin da ke cikinsa ba. Kununki ma shi ya riƙe shi, da ba ya shan komai da bai kawo yau ba."

Aka ba ni gado, aka ɗaura mini ƙarin ruwa. Gwajin bayan gida ba a yin irinsa a nan, sai da Tanko ya kai wani ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari, a kwalba, a cikin aljihun babbar rigarsa. Ya ce tun da yake bai taɓa ɗaukar amanar da ta kai wannan nauyi ba. Sakamako ya fito kamar yadda likita ta zata. Ta hana ni duk wani kafso, ta rubuta magani guda ɗaya tak wanda aka yi domin wannan mugun, ta ce in sha iya kwanakin da ta faɗa, kada in rage, kada in ƙara ko da na ji daɗinsa. Shi ma da tsada, kuma ba a samu a kantin asibiti ba. Ɗakin da aka kwantar da mu fankarsa ba ta juyawa, sauro kuma ba ya jin kunyar kowa. Amma a nan ne na fara yin barcin da ba a tashe ni ba.

Da za a sallame ni na tambaye ta yaushe mazauna unguwar za su dawo. Ta ce ba ta da rana, wani makonni, wani watanni. Ta ce in ci abinci kala-kala, kaɗan-kaɗan: wake, tuwon dawa, kwaɗon zogale, miyar kuka da daddawa, ayaba, kindirmo mai tsabta in ciki ya karɓa. Ta ce, "Ban ce maka magani ba ne, Baba. Abinci ne. Waɗanda suka rage a ciki, in ka ciyar da su za su hayayyafa." Hajiya ta tambaya ko a tafasa kindirmon. Ta ce a'a, Mama, don Allah.

Ba a miƙe sauƙin ya zo ba. Mako guda lafiya, sai abin ya dawo, muka koma layi, aka sake ba ni maganin. Wake ya kumbura ni, na bar shi, na sake gwadawa da cokali biyu. Yaya Habu, da ya ji abin da filaskonsa ya yi, sai ga ƙwaryar kindirmo tana zuwa daga Rigachikun duk ranar kasuwa.

Da Nura ya ga na fara zama a zaure, ya zo da wayarsa. Ya durƙusa, ya yi mini barka, ya ce kamfani suna taro, yana roƙon in yi magana kaɗan ya ɗauka, in ce na sha na warke. Ya ce da wannan zai hau mataki.

Ban ɗaga ido daga tabarma ba. Na ce, "Nura, abin nan tafasasshe na sha shi. Surukarka dafa shi take yi. Babu mai rai ko ɗaya da ya isa cikina."

Sai fuskarsa ta washe. "To Baba, ai ka ga ƙarfinsa ke nan! An dafa shi ma ya yi aiki, ina ga ɗanye?"

Na ce, "Ba shi ya yi aiki ba. Ba zan faɗi abin da ban sani ba, mutanen nan bayana suke salla. Ka kwashe kwalayen da ke tagata. Wanda ya saya saboda sunana kuma, zan sa Ladan ya gaya masa abin da likita ta ce."

Shi ne karo na farko da na ce masa a'a, kuma ban ji daɗinsa ba. Ya kwashe ya tafi ba sallama. Sa'adatu ta ɗauke ƙafa daga gidan, sai ta waya take gaida uwarta. Har yanzu ba mu gama gyara wannan ba. Ba na ce Nura macuci ba ne, shi ma saya ya yi da kuɗinsa, ɗakinsa cike da kwalaye, na samansa suna matsa masa. Allah ya buɗa masa wata hanyar.

Ga wanda wannan takarda ta isa gare shi: kada ka sha kafso don haƙori ya lafa ka ci gaba da aikawa a ƙaro. Kada duk gudawa a ce maka taifot ka yarda. In ana ba ka magani ciwo yana ƙaruwa, tattara ledojin ka kai wa wanda ya karanta, ko da layin zai cinye maka wuni. Kuma akwai bayin Allah a cikinka da suke maka hidima tun kana goye, ba ka taɓa ganinsu ba, ba su taɓa neman lada ba. Ni sai da na rasa su na san da su.

Da watan Sha'aban ya kama na fara gwada kaina a ɓoye. In yi alwala da hantsi, in zauna in ga iya inda za ta kai. Da farko ba ta kai Azahar. Daga baya ta kai. Sai na fara shiga masallaci ina tsayawa a ƙarshen sahu, dab da ƙofa, takalmina a kusa. Safiya ce dai har yanzu ba ta da amana, don cikin nan da asuba yake tashi da rigimarsa.

Ana saura 'yan kwanaki a fara duban wata Alhaji Bala ya dawo jin amsa. Na ce masa Asuba da tarawihi sun fi ƙarfina, tsayuwarsu da tsawo, a bar wa Malam Auwalu, kuma ba aro ba, nasa ne. Sauran huɗun in jama'a sun yarda zan gwada. In na sake fita daga salla ko sau ɗaya, kada ya wahalar da kansa zuwa, ni zan aiko masa. Ya ce ya ji.

A ranar, da sallar Azahar na fara. Tanko ya tada iƙama, Auwalu ya ja da baya ya nuna mini gaba. Na taka wurin. Na ce a daidaita sahu, muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba. Na kabbarta. Ba zan ce na yi sallar nan da cikakkiyar natsuwa ba, Allah ya gafarta mini, rabin hankalina yana kan Fatiha, rabi yana sauraren cikina. A ruku'u na farko ya yi ƙara, na ji gumi ya keto mini. Na jira. Ya yi shiru. Na ɗago. Haka muka bi raka'a huɗu, ni da shi, kowa yana tsaron kowa, har na zauna tahiya, na yi sallama.

Ban tsaya gaisawa ba, na bi ta ƙofar liman na shiga gida. Hajiya tana tsaye a bakin zaure, ashe tun da aka tada salla take wurin. Ta cika buta, ta buɗe ƙofar banɗaki ta bar ta a wangale, ta kawar da duk abin da zai tare mini hanya. Tana ganina ta miƙo butar da sauri.

Na ce, "Ajiye ta, Hajiya. Da alwalata."